Darasi na 17: Aron Numfashi ga Wanda Huhunsa Ya Gaza

A darasin da ya gabata mun yi bayanin yadda Allah Maɗaukakin Sarki ya tsara numfashin ɗan Adam, muka ce baligi lafiyayye yakan shaƙi iska ya fitar sau 12 zuwa 20 a minti guda, watau wajen sau 20,000 ke nan daga wannan asuba zuwa waccan, ko yana barci ko idonsa biyu, ba tare da ya ƙudura niyya ko ya san wahalar abin ba. Yau kuwa za mu juya ga ranar da wannan ni'ima ta gagara, har likitoci suka jona mutum da na'urar da za ta riƙa hura masa iska. Dalilin sanya wannan babi cikin littafin manya, alhali ba likitoci muke horarwa ba, shi ne duk mutumin Birnin Kebbi ko Argungu da aka taɓa kwantar masa da ɗan'uwa a sashen kulawa ta musamman ya san cewa abin da ya fi cin ran mai jinya, bayan kuɗin magani, shi ne tsayuwa a bakin ƙofa yana leƙen abin da bai fahimta ba, ana miƙo masa takarda ya sa hannu, ga kuma mutanen gari suna raɗa masa cewa wanda aka sa wa injin ba ya tashi.

Ku tuna cewa maƙogwaro, idan ya gangara cikin ƙirji, yakan rarrabu rassa-rassa har ya ƙare a wasu 'yan jakunkunan iska da ido ba ya gani, waɗanda adadinsu ya kai miliyan 300 zuwa 500, kowace jijiyoyin jini sun kewaye ta, kuma ta bangonta mai matuƙar sirantaka ne iskar oksijin ke ratsawa cikin jini, gurɓatacciyar iskar kabon ta fito. Ibn Nafis, likitan Alƙahira na ƙarni na 13, shi ne ya fara bayyana cewa ala tilas jini ya bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. To, cutar da za mu yi magana a kanta, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ARDS, ita ce wannan bango ya kumbura ya fara yoyo, ruwan jini ya malalo cikin jakunkunan, maiƙon da ke hana su mannewa ya lalace, wasu su cika, wasu su lotse, har jini ya riƙa wucewa ta gefensu ya koma jiki yadda ya zo, babu abin da ya ɗauka. Sai a ga mutum yana haki fiye da sau 30 a minti, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, harshe da leɓe sun yi duhu, hankali ya fara gushewa, kuma duk wannan cikin mako guda da faruwar sababin.

Sabuban suna da yawa, mafi girmansu ciwon haƙarƙari, sai shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, kamar yadda yakan sami mai jego ko wanda hanjinsa ya huje, sai zazzaɓin cizon sauro idan ya tsananta, da komawar amai cikin huhu, da bugun ƙirji a haɗarin mota, da hayaƙin gobara, da shan maganin ciyawar nan farakwat da wasu manoman shinkafa ke ajiyewa cikin gorar lemo. Amma wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa, mu da muke zaune a bakin gulbi, shi ne nutsewa. Ƙasar da Sarkawa ke kwana kan ruwa, ake wasan kabanci, dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora a bikin kamun kifi na Argungu da aka faro tun 1934, kuma ƙasar da ba ta manta da jirgin ruwan da ya kife kusa da Wara ta Ngaski a watan Mayu na 2021 ya ci rayuka gommai ba, wajibi ne kowa a cikinta ya san cewa wanda aka tsamo yana tari yana magana bai tsira ba tukuna. Domin ruwan da ya shaƙa, ko kaɗan ne, yana iya wanke maiƙon nan, sai bayan sa'o'i huhun ya cika. Saboda haka asibiti za a kai shi a sa masa ido na tsawon sa'o'i 6 zuwa 8, ba gida ba. Al'adar nan kuma ta danne cikinsa don ruwa ya fito, a bar ta, gama abin da ke fitowa na tumbi ne, kuma sau da yawa huhu yake komawa ya ƙara ɓarna.

Tunanin taimaka wa numfashi da bututu daɗaɗɗe ne, don Ibn Sina ya ambaci zura bututun zinariya ko azurfa a maƙogwaron wanda ya shaƙe, a littafinsa Alƙanun. Sai dai aikin bai zauna da gindinsa ba sai a 1952, sa'ad da annobar shan-inna ta auka wa birnin Kofanhagan na ƙasar Danmak, inda 27 daga cikin mutum 31 na farko da cutar ta shanye musu naman numfashi suka rasu a asibitin Blegdam. Wani likitan sa barci mai suna Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro, a sa bututu, a riƙa matsa iska da jakar roba. Da yake babu isassun na'urori, sai aka ɗebo ɗaliban likitanci wajen 1,500 suna karɓa-karɓa, dare da rana, makonni a jere, suna matsawa da hannu, har mace-macen suka sauko ƙasa da rabi. Abin lura a nan, wanda shi ne mabuɗin darasinmu duka, shi ne huhun mai shan-inna lafiyayye ne, naman da ke motsa shi ne ya mutu, don haka yakan iya ɗaukar iska mai yawa.

Da aka zo 1967, likitoci Ashbaugh da Petty da abokan aikinsu a birnin Denba na Amurka suka wallafa labarin majinyata 12 masu wata irin gazawar huhu da oksijin kaɗai ba ya yi mata magani, wanda shi ne karo na farko da aka siffanta cutar a matsayin abu guda. Shekaru kusan 30 bayan haka ana hura wa irin waɗannan majinyata iska mai yawa, mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin jiki, bisa ƙiyasin da kowane mai hankali zai yi, cewa wanda iska ta yi wa ƙaranci a ƙara masa. Ƙiyasin ya ɓaci ne a birnin Milan na Italiya cikin shekarun 1980, lokacin da Gattinoni ya ɗauki hoton huhun majinyatan yanki-yanki, ya tarar cewa cutar ba ta game huhun bai ɗaya ba: ɓangaren baya ya nutse, abin da ya rage yana karɓar iska kuwa bai wuce girman huhun yaro ɗan shekara 5 ko 6 ba. Misalinsa kamar shekarar ambaliya ce, irin ta 2020, da gulbi ya shafe fadama sai ɗan tudu ya rage. Makiyayin da ya kora garkensa kaf bisa wannan tudu, don yana ganin bara filin ya ɗauke su, kafin kwana biyu shanun sun tattake shi ya koma taɓo. Haka numfashin babban mutum yake yi wa ɗan ragowar huhun, ya kumbura shi fiye da ƙima, ya yayyage shi, dafin kumburin ya bi jini ya taɓa ƙoda da hanta, sai maganin ya zama wata cutar.

Hujja yankakkiya ta zo a shekarar 2000, daga gwajin da aka yi a manyan asibitocin Amurka kan majinyata 861, aka ba kashi ɗaya mililita 12 ga kowane kilo, ɗaya kashin mililita 6. Na farko kusan 40 cikin 100 suka rasu, na biyu 31, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa don ci gaba da shi ya zama zalunci ga kashin farko. Ba a ƙara magani ko ƙwaya ɗaya ba, iska aka rage. A nan akwai wata mas'ala mai daɗin fahimta, ita ce kilon da ake nufi ba na sikeli ba ne, domin huhu ba ya ƙiba. Girmansa yana bin tsawon mutum ne da kasancewarsa namiji ko mace. Ga ƙa'idar a sauƙaƙe: a auna tsawo da santimita, a ɗebe 152, a ninka abin da ya rage da 0.9, a ƙara 50 ga namiji, ko 45.5 ga mace. Namiji mai tsawon santimita 170 ya tashi kilo 66, numfashinsa guda wajen mililita 400 ke nan, ko da attajiri ne mai tumbi da sikeli ke nuna 100. Da za a bi sikelin, da an ɗura masa 600, ƙarin rabi a kan haƙƙinsa, sau dubbai a yini. Waɗanda wannan kuskure ya fi ci su ne mata gajeru, saboda a ido ake ƙiyasta su. Kada kuwa a zaci sakacin na ƙasashen talakawa ne kaɗai, don binciken da aka wallafa a 2016 daga ƙasashe 50 ya nuna cewa kusan 40 cikin 100 na masu cutar likitocinsu ba su ma gane ita ce ba, kuma fiye da sulusi an ba su iska sama da mizani. A ganina, awon tela da ke rataye jikin gado ya fi wata na'ura mai tsada fa'ida a wannan sashe.

Sharaɗi na biyu, bayan taƙaita yawan iska, shi ne matsi. Likita yakan sa na'urar ta ɗan dakata bayan ta hura, ya karanta matsin da ke cikin huhun, ya tabbatar bai wuce nauyin ruwa mai zurfin santimita 30 ba. Idan ya wuce, a ƙara rage iskar ko da zuwa mililita 4 ne. Da yake ƙaramin numfashi ba ya kwashe iskar kabon sosai, sai a yawaita shi, har sau 35 a minti, abin da ya yi saura a jini kuma a haƙura da shi matuƙar bai yi yawa ba, domin ɗaukar ƙaramar illa don kauce wa babba ƙa'ida ce da masu fiƙihu suka riga likitoci sani. Akwai kuma ɗan matsin da na'urar ke bari cikin huhu a ƙarshen fitar numfashi, wanda za ku ga an rubuta PEEP a fuskarta, aikinsa hana jakunkunan lotsewa, don buɗewa da rufewa a kowane numfashi kansa yana goge su. Sai dai idan ya yi yawa yakan danne jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, jini ya faɗi. Har oksijin ɗin ma da awo ake ba da shi. Iskar duniya kashi 21 cikin 100 ne oksijin, na'ura na iya kai shi 100, amma tsantsarsa idan ya daɗe yana ƙona huhu, shi ya sa ake wadatuwa da awon oksijin na jini ya tsaya tsakanin 88 da 95. Mai jinya da ya leƙa ya ga 91 kada ya ta da hankalin ma'aikata a kan a murɗa ya kai 100.

Dabarar da ta fi ba 'yan'uwa mamaki ita ce kifa majinyaci rub da ciki. Hikimarta ita ce mafi yawan naman huhu a baya yake, kuma idan mutum yana rigingine nauyin zuciya da na ciki da na ruwan da ya taru duk a kan wannan ɓangare suke sauka, alhali jini bai fasa zuwa can ba; da an kifa shi sai bayan ya buɗe, iska ta tarar da jini a inda yake, matsin kuma ya rarrabu daidai. Guérin na birnin Liyon ya jagoranci gwaji a Faransa da Sifen kan majinyata 466 masu tsananin cutar, aka wallafa a 2013: waɗanda ake kifawa aƙalla sa'o'i 16 a yini, 16 cikin 100 suka rasu cikin kwana 28, waɗanda aka bari rigingine kusan 33. Da wuya a sami wani magani na kwalba da ya yi irin wannan aiki, ga shi ba a sayensa, sai dai yana cin mutane, don sai ma'aikata uku zuwa biyar sun haɗu, ɗaya yana riƙe da kai da bututu kada ya zare, kuma fuska takan kumbura, abin da ke tsorata iyali amma yana sacewa. Na san malamanmu sun karhanta kwanciyar rub da ciki, kuma dattijo zai ji nauyin ganin mahaifinsa ko matarsa a haka. Wannan karhanci ga lafiyayye ne mai zaɓi, larura kuwa hukuncinta daban, abin da ya rage ga iyali shi ne su roƙa a kyautata suturta al'aura wajen juyawa, wanda haƙƙinsu ne.

Mutanenmu sukan auna kulawar asibiti da yawan ledar ruwan da aka rataya, har a ji ana ƙorafi cewa yini guda ba a ƙara masa ko ɗaya ba. A wannan cuta, da zarar jini ya daidaita, taƙaita ruwa ake so, wani lokaci har a ba da maganin fitsari, tun da bangon da ke yoyo duk abin da aka zuba a jijiya rabonsa yana tsiyaya cikin huhu. Gwajin 2006 kan mutum 1,000 ya nuna waɗanda aka taƙaita wa sun rabu da na'ura da wajen kwana biyu da rabi kafin sauran. Abinci ta siririyar robar hanci yake bi zuwa tumbi, ana ɗaga kan gado don kada ya dawo. Fura, ko kunu, ko rubutu, ko zamzam, kada a ɗiga ko cokali guda a bakin wanda ke da bututu ko ya fita hayyacinsa, kome kyan niyya. A shafa masa a jiki, a yi masa addu'a a kunne, gama da yawansu suna ji.

Yanzu sai mu dubi halinmu. A 2020, makonni kaɗan bayan an dawo da bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris, annobar korona ta sa kowa ya fara tambayar na'ura nawa ake da su, aka keɓe wurin killace masu cutar a asibitin Kalgo, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce na'urorin da ke aiki a asibitocin gwamnati na ƙasashen Afirka 41 ba su kai 2,000 ba. Amma ƙidayar na'ura ita kaɗai yaudara ce, domin na'ura ba ta aiki sai da wutar da ba ta ɗaukewa, da oksijin da ba ya yankewa, da nas da ba ta barin gefen gado, tana zuƙe majina tana sauraron ƙararrawa. In ɗaya ya ɓace, sauran sun zama ƙarfe. Irin wannan haɗuwa sai manyan asibitoci, shi ya sa mai tsananin ciwo a Argungu ko Augie ko Gulma galibi tura shi ake yi Birnin Kebbi, inda asibitin tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya suke, ko kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hanyar ita ce wurin haɗari. Ƙaramar tukunyar oksijin mai lita 680, idan ana sakin lita 10 a minti, awa ɗaya da 'yan mintoci za ta yi, abin da da ƙyar ya kai mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, balle Sakkwato; don haka a yi lissafi kafin a tashi, a buga waya a tabbatar akwai gado, a tafi da ma'aikaci, majinyaci yana jingine ba kwance shame-shame ba.

Rashin kayan awo ma ba ya hana a gane cutar. Ƙa'idar da aka tsara a Balin a 2012 tana buƙatar awon jinin jijiya da hoton ƙirji, amma a Kigali ta Ruwanda likitoci suka nuna a 2016 cewa ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, tare da na'urar duba ciki irin ta masu juna biyu, sun wadatar. Da haka suka tarar 4 cikin 100 na manyan da aka kwantar suna da cutar, rabinsu sun rasu, kuma ƙasa da sulusinsu ne suka sami gado a sashen kulawa ta musamman. Sai dai abin yatsan yana da aibi da ya shafe mu kai tsaye, don binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya nuna yakan ɗara gaskiya a fatar baƙi, ya nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda yake yi wa farare. Idan lamba ta ce lafiya, ƙirji kuma yana cewa akasin haka, ƙirjin za a gaskata.

Mu koma ga raɗar nan ta cewa injin kisa yake yi. Gaskiya ne cewa wajen 45 cikin 100 na masu matakin ƙarshe na cutar suna rasuwa ko a ƙasashe masu arziki, amma ba a jona kowa sai wanda ya riga ya kai gaɓa, kuma na'urar ba ta warkarwa, lokaci kawai take saya har magani ya ci sababin, huhu ya gyara kansa da izinin Allah. Kowace safiya akan rage maganin barci a gani ko zai farka, in ya yi ƙarfi a bar shi ya ja da kansa minti 30 zuwa awa 2 kafin a zare bututun. In zaman ya yi tsawo a huda maƙogwaro daga waje, aikin da Ibn Zuhr na Andalus ya jarraba a kan akuya a ƙarni na 12 ya ga raunin yana warkewa. Wanda aka sa wa maganin barci rayayye ne, kada a rikita shi da wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ɗungum, wanda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire masa na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar babu dawowa. Sallolin da lokacinsu ya fita mutum yana sume, Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana babu ramuwa a kansu, azumi kuwa ana ramawa. Wanda ya tashi kuma kada a yi masa gaggawa: a binciken Toronto na 2003 masu tsira sun fito sun zubar da kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinsu, kuma bayan shekara guda rabinsu ne kawai suka koma aiki, don haka manomin da aka sallama da bazara, 'yan'uwa su ɗauke masa noman wannan damina.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya sami abokinsa, maza da maza, mata da mata, su auna tsawon juna a jikin bango da awon tela, kowa ya fitar da kilonsa bisa ƙa'idar da ta gabata, ya ninka da 6, ya rubuta tsawon da sakamakon a bayan katinsa na asibiti. Sa'an nan ku lissafa sa'o'in da babbar tukunya mai lita 6,800 za ta yi idan ana sakin lita 15 a minti, ku zo da amsa ranar darasi na gaba, wanda zai kasance a kan ciwon haƙarƙari ga yara ƙanana.